Filin Tambaya da Amsa: Ina Kashin Shanu Dubu Zai Tafi?

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato kashin dabbobin da manyan gonakin kiwo ke tarawa da kuma dokar da ya kamata ta hau kansa. Na zaɓi biyar. Wasu na rage musu tsawo, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Shekara uku ke nan da aka buɗe wata katafariyar gonar shanun madara a bayan gidanmu. Kududdufin da suke tara kashin bai kai tafiyar minti biyar daga rijiyarmu ba. Ruwanmu garau yake, ba wari, ba wani ɗanɗano. Ina da jaririya 'yar wata biyu da nake haɗa wa madarar gwangwani da shi, amma sai na tafasa. Ko akwai damuwa? — Wata uwa

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Na sa wasiƙarki a gaba ne domin ba ta jira. Daga yau ki daina haɗa wa jaririyar madara da ruwan rijiyar nan har sai an gwada shi. Ki nemi wani ruwan da kika tabbatar da tsabtarsa, ko ki shayar da ita nono zalla in da hali.

Ga dalili. Kashi da fitsarin dabbobi cike suke da sinadarin naitrojin. Idan ruwan kududdufi ya tsiyaya cikin ƙasa, ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasar sukan juya wannan naitrojin ya koma wani sinadari da ake kira naitiret. Shi kuwa naitiret ba ya manne wa ƙasa, ruwa yake bi duk inda ya nufa har ya isa inda rijiya ke sha. Ba shi da launi, ba shi da wari, harshe ma ba ya jin sa. Saboda haka garau ɗin da kike gani bai gaya miki komai a kansa ba.

Babba yakan sha ya wuce bai ji komai ba a lokacin. Jariri ɗan ƙasa da wata shida kuwa, cikinsa na juya naitiret ɗin ya zama wani abu da ke hana jini ɗaukar iskar numfashi yadda ya kamata. Za a ga leɓɓansa da farcensa sun yi shuɗi-shuɗi, yana numfashi sama-sama, jiki ya saki. Tun 1945 wani likita a jihar Iowa ta Amurka ya danganta wannan ciwo da ruwan rijiyar gona. In kin ga alama irin wannan, asibiti kai tsaye, kuma ki gaya musu ruwan da take sha.

Maganar tafasawa ita ce ta fi tayar mini da hankali. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, wannan gaskiya ne. Amma naitiret ba ya bin tururi. Ruwan ne ke ƙonewa ya ragu, shi ya zauna a tukunya, ƙarfinsa ma ya ƙaru. Sinadarin kulorin da ake zuba wa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta ba ya cire shi, tacewa da ƙyalle ma haka.

Ki kai ruwan ɗakin gwaji, ki ce a duba miki abu biyu: naitiret da ƙwayar cutar E. coli. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada naitiret ya wuce miligiram 50 a lita ɗaya. Wasu ɗakunan gwajin da lissafin Amurka suke aiki, inda ake auna naitrojin ɗin da ke ciki kawai, iyakarsa kuma miligiram 10 ce. Ki tambaye su da wanne suka rubuta, domin na sha ganin wanda ya ga an rubuta 20 ya yi hamdala, alhali da lissafi na biyu ne, ya ninka iyaka sau biyu. Ki sake gwajin bayan ruwan sama mai ƙarfi, ki kuma adana takardun da kwanan watansu. Ranar da za ki kai kuka gaban hukuma, takardar gwaji ta fi shedu goma da za su ce suna jin wari.

Tambaya: Injiniya, ina da shanun madara 600 a rufe, kuma ina shirin kai su 1,000. Hukuma ta ce ba za ta sabunta mini lasisi ba sai na kawo tsarin ajiyar taki a rubuce. Taki fa alheri ne, manoma har nemansa suke yi. Me ya sa ake ɗaukar sa kamar guba? — Wani mai gonar madara

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara wa garke albarka. Ban musa maka ba, taki alheri ne, ni ma da bakina nake gaya wa manoma haka. Amma zo mu zauna mu yi lissafi.

Saniyar madara da ake ciyarwa sosai tana fitar da kashi da fitsari sama da kilo 50 a rana. Shanu 1,000 ke nan tan 50 kullum ta Allah, a shekara tan 18,000 da ɗoriya. Ban sa ruwan wanke daɓe ba, ban sa ruwan saman da ke faɗawa cikin kududdufi ba. Dabbar da ke kiwo a fili da ƙafarta take raba takinta, nan kaɗan can kaɗan, ciyawa ta shanye. Naka shanun kuwa mota ce ke kawo musu abinci daga nesa, mota ta kwashi madara ta tafi, kashi ya zauna maka a wuri ɗaya. Abin da gonaki masu nisa suka noma, duk ragowarsa a bayan shingenka yake taruwa.

Ƙasa kuma tana da cikinta. A 1991 Tarayyar Turai ta kafa dokar naitiret, wadda ta ce a yankunan da ruwa ke cikin haɗari kada a zuba takin dabbobi da naitrojin ɗinsa ya wuce kilo 170 a hekta ɗaya a shekara. Saniya mai yawan nono tana fitar da wajen kilo 100 ko fiye. Raba ka gani: shanu 1,000 na bukatar fili kusan hekta 600 da ake nomawa. Kana da shi? In ba ka da shi, ka yi yarjejeniya a rubuce da masu shi? Wannan ce tambayar da ke ƙarƙashin takardar da hukuma ta nema. Kududdufi ba ya cinye taki, lokaci kawai yake saya maka kafin shuka ta bukace shi. In babu gonar da za ta karɓa, komai girman ramin da ka haƙa wata rana zai cika.

Bari in ba ka labarin wata gona da aka kira ni in duba. Mai ita ya kashe kuɗi sosai: rumfa mai fankoki, injin tatsa yana ƙyalli, daɓe tas. Da na ce a kai ni kududdufi, sai aka haɗa ni da wani yaro, shi maigidan bai taka ba. Katafila ce ta haƙa ramin, aka tara ƙasar da aka kwaso a gefe ta zama ganuwa, ba a daɓe gindin da yumɓu ba, ba a shimfiɗa leda ba. Na sa sanda na auna, tsakanin saman ruwan da bakin ganuwar bai kai tsawon tafin hannuna ba. Na zagaya ta baya, ta gangare. Duk ciyawar wurin ta bushe saboda rani, sai wani zirin guda kore shar, mai duhu, ya miƙe daga gindin ganuwar ya nufi rafi. Na taka, takalmina ya nutse har idon sawu, baƙin ruwa ya taso ya cika sawun. A jikin ganuwar na ƙirga ramukan ɓeraye bakwai, ga wata bishiya da aka bari ta yi saiwa a kai. Yaron ya ce mini ai kududdufin nan mai albarka ne, shekara biyu ba a kwashe shi ba kuma bai taɓa tumbatsa ba. Gabana ya faɗi, domin ramin da ake zuba wa tan-tan kullum bai cika ba, ta ƙasa yake zuba.

Irin wannan ganuwa ce ta fashe a wata gonar aladu a gundumar Onslow ta jihar North Carolina a Amurka a watan Yunin 1995, lita wajen miliyan 95 ta kwarara zuwa kogin New River. Ruwan taki idan ya shiga rafi, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi sukan shanye iskar da kifi ke shaƙa, kuma ƙarfinsa a wannan fanni ya ninka na ƙazantar bayan gidan mutane sau gommai. Wanda bai fashe ba ma, sinadaran fosforas da naitrojin na takin da ke silalewa a hankali su ke ciyar da gansakuka har ta rufe ruwa. A gaɓar Biritani ta ƙasar Faransa, inda kiwon aladu da kaji ya yi yawa, gansakukar da teku ke turowa takan ruɓe a bakin ruwa ta fitar da iska mai guba; a 2009 wani doki ya faɗi ya mutu a cikinta, mahayinsa ya suma.

Saboda haka Alhaji, kada ka ɗauki takardar nan a matsayin tsangwama. Ka samu wanda ya san aikin ya gwada ƙasar wurin, a daɓe gindi da yumɓu mai kauri ko a shimfiɗa leda ta musamman, ko a gina tankin kankare. A kafa sanda mai alama a ciki yadda kowa zai ga inda ruwa ya kai. A karkatar da ruwan rufin rumfa kada ya shiga. Kuma kafin ka sayi saniya ta 601, ka san gonar da kashinta zai je. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambaya: Malam, ni ɗalibar shari'a ce, ina rubutun kammala karatu a kan wannan batu. A ƙasashen da suka daɗe da irin waɗannan gonaki, me doka ta tanada, kuma wacce ta fi aiki a ganinka? — Wata ɗaliba

Amsa: Malama, Allah ya ba da sa'a. Zan ba ki uku, kowacce da darasinta.

Amurka ta sa manyan gidajen kiwo cikin dokar tsabtar ruwa ta 1972, ta ɗauke su kamar masana'antar da ke da bututun zubar da ƙazanta. Babbar gona a ma'auninsu ita ce mai shanun nama 1,000, ko na madara 700, ko manyan aladu 2,500, ko kajin nama 125,000 in busasshen kashi suke tarawa. Mai lasisi dole kududdufinsa ya iya ɗaukar ruwan sama mafi ƙarfi na sa'a 24 da ake tsammani sau ɗaya a shekara 25. A takarda abin ya yi kyau. Amma a 2011 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa ba za a tilasta wa gona neman lasisi ba sai in tana zubar da ƙazanta a ruwa a zahiri. Sakamakon haka, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kacal na manyan gonakin ke da wannan lasisi na tarayya. Dokar da ke jiran a ga ɓarna kafin ta motsa, ihu bayan hari take yi.

North Carolina kuma ta dakatar da gina sababbin manyan gonakin aladu a 1997, a 2007 ta haramta haƙa sababbin kududdufai irin na da. Tsofaffin fa? Aka bar su. Guguwar Floyd ta zo a 1999 ta malale wasunsu, guguwar Florence ta biyo baya a 2018 gommai suka tumbatsa, wasu suka fashe. Wannan giɓi na yafe wa tsohon gini kusan ko'ina za ki same shi. A Ingila dokar 1991 ta tsara abin dalla-dalla: ma'ajiya ta ɗauki takin aƙalla wata huɗu, ta nisanci rafi da mita 10, a bar sarari tsakanin ruwa da baki na milimita 300 a tanki, 750 a kududdufin ƙasa, ginin kuma ya yi ƙarkon shekara 20. Amma ma'ajiyar da aka gina kafin 1991 an ɗauke mata, alhali ita ce ta fi kusa da fashewa.

Holan ce ta fi kowa shan wuyar wannan lamari, domin ƙasa ce ƙarama mai dabbobi fiye da abin da gonakinta za su ɗauka. A can ana rubuta lissafin taki kamar na kuɗi. Motar da ke jigilarsa ana auna ta, a ɗebi samfur, na'ura kuma tana nuna inda ta ɗauka da inda ta sauke. Mai kiwo shi ke biya a kwashe masa. Duk da haka, a watan Mayun 2019 babbar kotun gudanarwa ta ƙasar ta rushe tsarin gwamnati na ba da izini, ta ce ba za a ƙyale ƙarin naitrojin yau bisa alkawarin za a rage gobe ba. Dubban ayyukan gini suka tsaya, manoma suka fito da taraktoci suka toshe hanyoyi, har gudun mota da rana aka rage zuwa kilomita 100 a sa'a don a rage naitrojin ɗin da ke fita a hayaƙin motoci. Ki lura, wannan rikicin ma ba na ruwa ba ne kai tsaye. Iskar amoniya ce, mai ɗauke da naitrojin, da ke tashi daga rumfuna da ma'ajiyar taki, iska ta ɗauke ta ta sauke a dazuzzukan da aka keɓe.

In kin tambaye ni, ga abin da zan sa a gaba. Lasisi ya ɗaure yawan dabbobi da yawan filin da zai karɓi takinsu, tun kafin a kafa tubali. Sauran sharuɗɗan, na kauri da nisa da watanni, duk a kan wannan suke tsayuwa. Sannan a tilasta haƙa 'yan rijiyoyin gwaji sama da ƙasan kududdufi, sakamakon kuma ya zama maƙwabta na iya gani. A kuma karɓi kuɗin ajiya daga mai gona tun farko, saboda ranar da kasuwa ta karye ya rufe ƙofa, kududdufin ba ya bin sa. Na ƙarshe kuma, wanda masu rubuta doka suka fi mantawa: sufeto. Na taɓa zuwa gonar da littafinta ya nuna ruwa bai motsa daga alama ɗaya ba wata shida, da biro ɗaya, da hannu ɗaya, ga dukkan alamu a zama ɗaya aka cike shi. Doka ba ta da ƙafa, sai an ɗauki mutum an ba shi abin hawa da ikon shiga ba sanarwa.

Wani abu kuma ki sa a rubutunki don adalci. A garin Walkerton na lardin Ontario a Kanada, a watan Mayun 2000, ruwan sama mai ƙarfi ya wanke ƙwayar E. coli daga takin shanu zuwa wata rijiyar gari marar zurfi. Mutum 7 suka rasu, sama da 2,000 suka kwanta. Gonar ba katafariya ba ce, kuma binciken da alƙali Dennis O'Connor ya jagoranta bai ɗora wa manomin laifi ba, ya bi ƙa'idar da aka sani. Masu kula da ruwan garin ne suka yi sakaci da kulorin da gwaji, gwamnati kuma ta gaza sa ido. Dokar taki ita kaɗai ba ta isa ba in ba a tsare bakin rijiyar ba.

Tambaya: An ce in aka sa injin da ke fitar da gas daga kashi, matsalar ta ƙare. Haka ne? — Wani mai karatu

Amsa: Rabinta ta ƙare, ɗan'uwa. Kashi mai ruwa da ke kwance a kududdufi yana fitar da iskar mitan, wadda a tsawon shekara 100 ta fi hayaƙin kabon riƙe zafi kusan sau 28. Injin yana kama ta a yi girki ko lantarki, wari ya ragu, ƙwayoyin cuta ma su ragu. Ina goyon bayansa. Sai dai naitrojin da fosforas yadda suka shiga haka suke fitowa, suna nan cikin ruwan da ya saura. Shi ma sai an adana shi, an rufe samansa, an nemo masa gona.

Tambaya: Yallaɓai, ni lebura ne a gidan kiwo. Akwai ramin taki a ƙarƙashin daɓen rumfa, in ya yi kauri mu ke kunna injin motsa shi kafin a zuƙe. Ranar nan ina tsaye a bakin ramin sai na ji kaina ya yi nauyi, idanuna suna yaji. Da farko akwai wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, can kuma sai warin ya ɗauke, na ce to ya wuce. Wani lokaci in famfo ya toshe mu ke sauka mu gyara. Me ke kawo wannan? — Wani ma'aikaci

Amsa: Ɗan'uwana, ka gode wa Allah, ka tsallake rijiya da baya. Warin nan bai wuce ba, hancinka ne ya mutu. Iskar ana kiran ta haidirojin salfaid. Tana ɓoye a cikin taki kamar gas a kwalbar lemo, da an motsa sai ta taso gaba ɗaya. In kaɗan ce za ka ji warin ƙwai. In ta yi yawa sai ta kashe jijiyar jin wari, in ta ƙara yawa kuma shaƙa ɗaya ko biyu ta isa ta kayar da ƙato. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a rami da lungu take kwanciya, daidai inda kake sauka.

Abin da ya fi ciwo a haɗarin nan, da wuya ya tsaya kan mutum ɗaya. Wani ya faɗi, na kusa ya duro don ya ceto shi, shi ma ya faɗi. A watan Satumbar 2012 a Ailan ta Arewa, uba da 'ya'yansa maza biyu suka rasu a ramin taki na gonarsu, bayan karensu ya faɗa aka shiga ceto, ɗaya na bin ɗaya. Mutane ne da suka tashi cikin aikin, ba baƙi ba.

Ka kai wa maigidanka wannan shafi. Kafin a kunna injin motsawa, a fitar da dabbobi, a buɗe duk ƙofofi, a zaɓi ranar da iska ke kaɗawa. Da an kunna kowa ya fice, kada a dawo sai bayan aƙalla minti 30, domin a farkon nan ne iskar ta fi tasowa. In an matsar da injin zuwa wani gefe, a sake ƙirgawa daga farko. Kada a kunna ashana ko sigari a kusa, mitan na kama wuta. Kada ka yi aikin kai kaɗai. Takunkumin ƙura da ƙyallen da kuke ɗaurawa a hanci ba sa tare komai. Famfo in ya toshe a jawo shi sama da igiya ko sarƙa a gyara a waje. Shiga ramin aikin wanda aka horar ne, mai tukunyar iska a baya da igiya a ƙugu, da mutane biyu a sama riƙe da ita. Akwai kuma 'yar na'ura da ake maƙalawa a ƙirji mai ƙara idan iskar ta taso, ku nemi a saya muku.

In kuma wata rana ka ga abokin aikinka ya faɗi a ciki, na san zuciyarka za ta ce ka duro. Kada ka duro. Ka kashe injin, ka ja da baya zuwa inda iska ke kaɗawa, ka kira masu ceto, ka tare duk wanda ya nufo bakin ramin da gudu.